Maɓalli Biyu

Ƙarfe bakwai na yamma a Porto,
ruwa na dukan taga, ofis ya watse,
saura ni da Telmo da kofin da ya huce.
A allona akwai ɗan akwati guda,
kwana huɗu ke nan muna ja-in-ja a kansa.

Manhajar kantin magani ce, ba wani abin a-zo-a-gani ba.
Tambaya ɗaya tak za ta yi wa mutum:
mu riƙa turo maka tallanmu?

Telmo ya ce, "Ondina, kin san aikin.
'Na yarda' ya zama kore shar, ki faɗaɗa shi,
ki dasa shi inda babban yatsa ke sauka da kansa.
'A'a' kuwa toka-toka, ɗan mitsitsi, can ƙasa,
allura cikin ruwa, mai rabo ka samu.
Ba ƙarya muka yi ba ai."
Gaskiya ne. Ba mu yi ƙarya ba.

Ban ce uffan ba.
Zuciyata na Matosinhos, ran Lahadi,
wurin mahaifina Abílio,
wanda ya shekara arba'in yana jan taru a teku
har gishiri ya cinye taushin yatsunsa.
In ya nufi harafi ɗaya, uku yake dannawa.
Ƙarfe ukun dare wayarsa ta yi ƙara,
ya zabura, ya yi tuntuɓe da kujera,
a zatonsa asibiti ne, don ƙanwarsa na kwance.
Ashe rangwamen man aski ne.

Ya ce, "Yaushe na ba su izini?"
Na duba. Na ce, "A watan Maris, Baba. Ka danna."
Ya ce, "Ƙofa ce ta tare ni, na tura.
Tura ƙofa yarda ce?"
Sai ya ci gaba da ɓare kifinsa, yana gunaguni:
shi a kasuwa, ko sardin ɗaya zai sayar,
fuskar ma'auni mai saye take kallo.

Da Telmo ya sauka neman motar haya,
na goge koren.
Na zana biyu, tsawo ɗaya, fāɗi ɗaya,
kamar an tsaga kara.
Na cire "domin inganta jin daɗinka",
kalmomin da ko ni ban san me suke ɓoyewa ba.
Na rubuta yadda zan faɗa masa a bakin teburi:
Sau ɗaya a mako. Ban da dare.
Kamfanoni uku za su ga lambarka, ga sunayensu.
Ran da ka gaji, ga inda za ka kashe,
taɓawa ɗaya, kamar yadda ka kunna.
Na kuma janye tambayar daga bakin ƙofa,
sai mutum ya sayi abin da ya kawo shi,
don ba a yi wa baƙo tambaya bai sha ruwa ba.

Da safe Telmo ya ce, "Lambobi za su zube."
Suka zube.
Cikin ɗari, da tamanin ke yarda, yanzu talatin da huɗu.
Kwana biyu gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga gira ba.
Litinin akwai zama da masu kuɗin,
mai yiwuwa koren ya dawo,
mai yiwuwa wani ya zana shi, ba ni ba.

Amma jiya na kai wa Baba wayar.
Ya goge tabarau da gefen riga,
ya karanta a hankali, leɓensa na motsi,
har ƙarshe, har sunayen nan uku.
Ya ɗaga yatsan nan mai kaushi,
ya danna "A'a".
Bai kuskure ba.
Ya miƙo mini ita, ya ce in zuba masa miya.